Fiyano a Zauren Birni: Kundin Kwanakin Hunturu a Damagaram

Asabar

Ɗan ƙanwata ya sauka daga Yamai bayan isha'i, ƙurar hanya ta mai da girarsa fara. Tafiyar kilomita wajen 900 ce, kuma bai yarda an ɗora masa kayansa a saman mota ba. Fiyano ne na lantarki, naɗe cikin bargo, ya biya masa kuɗin kujera guda.

A Yamai ya koyi kiɗa, a cibiyar Elhaji Taya da ake kira CFPM. Yanzu abincinsa a situdiyo yake, yana haɗa wa mawaƙan biki kiɗa: ya danna nan ganga ta fito, ya danna can algaita ta fito, ba makaɗi ba mabushi. Sai da ya ci tuwo ya wanke hannu sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Kawu, zaurenku nake so ku ara mini dare guda."

"Aure za ka yi ba mu sani ba?"

"Kiɗa za mu yi. Fiyano da goge da gurmi da molo. Ba lasifika, ba kalangu, ba rawa. Mutane kaɗan su zauna su saurara."

Na ce ya je ya kwanta, gobe ma rana ce.

Lahadi

Da hantsi ya kunna mini abin da ya sa masa wannan ƙwaɗayi. Bidiyo ne a wayarsa: mutum biyar a ɗaki, mace ɗaya gaban babban fiyanon katako, huɗu riƙe da gogen Turawa. Biyu na da biyolin, ɗaya na da biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, na huɗun ya kafa celo tsakanin gwiwoyinsa. Robert Schumann na Jamus ne ya tsara kiɗan a 1842 saboda matarsa Clara, gwanar fiyano, kuma ita ta fara kaɗa shi a bainar jama'a a birnin Laifzig cikin Janairun 1843. Kashi huɗu ne, kusan rabin awa, babu mai buɗe baki ya yi waƙa.

Idanunsu na tsaya kallo. Babu mai sanda a gabansu yana ba da umarni yadda ake yi wa babbar ƙungiya. Mai biyolin ya ja numfashi, sauran sun san an tashi. Fiyano ya ajiye kari, mai celo ya ɗauka ya juya shi, ya miƙa wa biyola. Mu nan mun saba da uban kiɗi da 'yan amshi, ɗaya ya faɗa saura su karɓa. Waɗannan kuwa kowa kan zama uban kiɗi na ɗan lokaci, sannan ya koma ɗan amshi ba tare da an ce masa ya koma ba.

Yaron ya ce a ɗakunan gidajen sarakai da attajirai aka raini irin wannan kiɗa, daga baya abokai suka riƙa taruwa a gidan ɗayansu suna yi don jin daɗin kansu. Na ce masa in haka ne bai kawo wa Damagaram baƙon abu ba. Ina yaro, a nan Birni da can Zango, mai molo kan zauna a zauren wani bayan isha'i, dattawa biyar ko shida na kewaye da shi, yana taɓawa a hankali yadda wanda ke bakin ƙofa ma sai ya kasa kunne. Rediyo mai kaset ya fara rage wannan zama, talabijin ya ƙara, waya ta ƙarasa.

Na kawo masa shawarar gidan matasa, inda akwai dandamali da kujeru. Ya ce fili ne, sai da lasifika, kuma da zarar an sa lasifika mai juya na'ura ne ke yanke wa za a ji. Ya shiga zaurena ya tsaya a tsakiya ya tafa sau ɗaya, ya matsa kusurwa ya sake tafawa. Bangon ƙasa ne mai kauri, rufin azara. Ya ce ƙasa ba ta mai da amo da kaifi irin na siminti, tana shanye wani ta bar wani. Zauren da nake ajiye buhunan gero ashe yana da wata daraja.

Litinin

Yau neman makaɗa. Mai gurmi bai ba mu wuya ba. Mutumin wajen Mirriya ne, yana bin 'yan kokawa da matasan gayya, ya ce duk inda za a ba shi shayi da na kabu-kabu zai je. Mai molo baduku ne a nan Birni, cikin masu ɗinkin jaka da takalma da fatar Damagaram ta yi suna a kansu. Ba ya kiɗa don kuɗi. Molon na rataye a bangon rumfarsa, sai kasuwa ta yi sanyi yake saukowa da shi.

Mai goge ne aiki. Tsoho ne a bayan Zango, mun same shi a tabarma yana shan hantsi. Bayan gaisuwa ya sa aka ɗauko gogen daga cikin jakar fata. Rabin ƙwarya ne an rufe shi da fatar guza, an huda taga a gefen fatar, sanda ta ratsa ta ciki. Tsirkiyar guda ɗaya ce, damin gashin wutsiyar doki, tana hawa kan ɗan jakin da ke zaune bisa fatar. Izgar da ake gogawa da ita ma gashin doki ce a ɗaure a lanƙwasasshen ƙarfe. Yaron ya yi bayani tiryan-tiryan, tsohon na jinsa har ya gama.

"Wa ya haihu?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa ya yi aure? Wa aka naɗa?"

"Ba kowa. Don a saurara kawai."

"To kiɗan da ba mai shi, wa zai biya?"

Na ce ni ne mai zauren, ni zan ɗauki nauyi. Ya dube ni ya ce, "Mushe, kuɗin fansho za ka zuba a goge?" Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce a da, daga Tanut har Magarya ba a ɗaure masa goge ya kwana biyu bai fita ba. Lokacin kaset ɗin Garba Supa da Ibrahim Na Habu da Hasan Wayam na shigowa daga Najeriya, kowane saurayi na son kukuma ko goge a bikinsa. Yanzu yaro ɗaya da fiyano da lasifika biyu ya isa biki, kuma ya fi arha. 'Ya'yansa duk sun kama kabu-kabu.

A ƙarshe ya ce zai zo. "Ba don kuɗinka ba, Mushe. So nake in zauna kusa da abin da ya cinye mana abinci in ga bakinsa."

Talata

Gwajin farko bayan la'asar. Da ƙyar aka rabu lafiya.

Yaron ya danna maɓalli guda ya ce kowa ya ɗaure tsirkiyarsa a kan wannan murya. Haka ake yi a kiɗan Turawa. Akwai murya ɗaya da aka yi ittifaƙi a kanta, mai girgiza sau 440 a daƙiƙa, daga ita kowa ke ɗaukar ma'auni. Mai gurmi ya gwada ya kusanto. Baduku ya tura zoben fatar da ke riƙe da tsirkiya a wuyan molo, shi ma ya kusanto. Tsoho ko motsi bai yi ba.

"Ni da maƙogwarona nake ɗaure goge. Inda muryata ta zauna nan yake zama."

"Baba, ai ba waƙa za ku yi ba."

"Gogen ne zai yi waƙar, ɗana. In na ja shi sama maganar cikinsa ta tsinke."

Aka fara a haka. Minti biyu ba a yi ba kunnena ya gaya mini akwai matsala, sai daga baya na gane tushenta. Fiyano ya raba tazarar da ke tsakanin murya da 'yar'uwarta ta sama gida 12 daidai wa daida, kuma tsakanin gida da gida babu komai. Goge ba shi da gidaje. Yatsa na taɓa tsirkiya ne ba tare da danne ta a jikin sanda ba, yana zamewa inda ya so, yana bin hawa da saukar Hausa, shi ya sa wanda ya san waƙar ke jin kalmominta a bakin goge. Yawancin karinmu a kan matakai biyar yake tafiya, kuma matakan ba su faɗa daidai kan na fiyano ba. Duk inda su biyun suka riƙe murya ɗaya sai ka ji tana rawa tana sukar kunne, don kusa suke amma ba su haɗu ba.

Yaron ya nace a bi fiyano, kuma yana da hujja. Fiyanon asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙira a Italiya wajen 1700, ya zama a yau akwati mai maɓalli 88 da tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200, jan da suke yi wa jikinsa ya kusa tan 20. Ba a gyara masa murya a zaman kiɗa, sai gwani ya zo da makulli ya shafe sa'o'i. Saboda haka a ƙungiya irin ta Schumann masu gogen huɗu ne ke zuwa wajensa. Irin wannan fiyano ma da wuya ya ji daɗin Damagaram, don bushewar hunturu na tsuke katako, saiti ya zame, wani lokaci allon cikinsa ya tsage. Sai dai na yaron ba shi da tsirkiya ko ɗaya. Ya ɗauko dokar fiyanon katako ya ɗora wa na lantarki.

Tsoho ya mai da gogensa jaka tun kafin magariba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ka gaya wa akwatinka ya sauko. Shi ne baƙo."

Laraba

Da safe na je wajen mai unguwa na sanar da shi, daga nan na biya gidan liman, maƙwabcina. Dole ne, don goge na da tsohon tabo a garin nan. An san shi da 'yan bori tare da garaya, an san shi da gidajen da mutumin kirki ba ya so a gan shi. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, Barno ta bi, amma malamanmu ba su fi na Sakkwato sassauci a kan goge ba. Liman ya tambaya ko akwai rawa, na ce babu. Ko akwai kiran iskoki, na ce babu. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ba zai zo ba, kuma a tashi kafin dare ya raba. Na yi godiya.

Yaron ya wuni a zaure shi kaɗai da faifan da ya naɗa jiya a waya. Ya sauke muryar fiyanon gaba ɗaya har ta zauna inda gogen yake, abin da na lantarki ke yi da danna maɓalli biyu. Wannan ya gyara tushe, bai gyara matakai ba. Sai ya shiga ragewa. Ya daina danna maɓalli uku-uku a tare yadda ya saba a situdiyo, ya koma biyu masu nisa da juna a can ƙasa. Wuraren da suka fi karo da goge ya bar su fayau. Hannun damansa ya koma yin ɗan bugu mai maimaituwa.

Da dare ya ba ni labarin Akin Euba, ɗan Legas da ya rasu a 2020, wanda ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ana iya sa fiyano ya yi aikin ganguna a kiɗan Afirka. Ya ce ya karanta shi a makaranta ya ci jarrabawa, amma yau ne hannunsa ya fara fahimta.

Alhamis

Ranar babbar kasuwa. Tsoho ya aiko jikansa da sassafe cewa gashin tsirkiyarsa ya ragu, in ana son goge ranar Asabar a nemo izga da ƙaro. Muka shiga Kasuwar Dole muka yi ta tambaya. Ƙaro bai yi wuya ba, masu kayan turare na da shi. Shi ake shafa wa gashin don ya kama, in babu shi izga zamewa take ba amo. Yaron ya ce masu biyolin ma haka suke, gashin doki ne a izgarsu, ƙaron wani itace suke shafawa. Gashin ne ya ba mu wuya. Sai a wajen wani mai kayan doki muka samu, shi ma ya ce mahaya ke saye don ado. A garin da Sarki Tanimun ya tara dawaki da bindigogi ya kewaye Birni da ganuwa, yau wutsiyar doki sai an yi cigiya.

A hanyar komawa muka yi zancen Malam Mamman Barka, ɗan garin Tasker a nan jihar Damagaram, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya tafi bakin Tafkin Cadi wajen Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, kayan kiɗan Buduma masunta mai tsirkiya biyar da jiki mai siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, ya kai biram har Turai tare da makaɗinsa Umaru Adamu, su biyu rak a dandamali. Ya rasu a 2018. Da bai yi waccan tafiya ba, da biram sai a ɗakin ajiye kayan tarihi.

Gwaji na biyu da yamma. Tsoho ya ɗaura sabon gashi, ya shafa ƙaro, ya ja dogon ja guda. Yaron ya amsa masa daga ƙasa, muryoyin suka zauna a kan juna ba rawa. Tsoho bai ce komai ba, ya dai gyara zama. Mai gurmi ya shigo da ɗan gudunsa, baduku ya sa molo a tsakani. Suka yi ta tafiya, aka ɓata, aka koma, aka sake ɓatawa.

Can yaron ya taɓa karin kashi na biyu na Schumann, mai tafiya yana tsayawa, ba tare da ya faɗi ko mene ne ba. Tsoho ya ɗaga izga ya ce, "Wannan na rashi ne. Wa ya mutu masa?" Schumann dai a kan takun masu rakiyar gawa ya gina wannan kashi. Tsoho ya sa a sake masa sau da yawa, sannan ya ɗauka a goge, ya lanƙwasa shi ta inda fiyano ba ya iyawa.

Juma'a

Bayan masallaci na tsaya a ƙofar fada. Dogarai cikin ja da kore, algaita na tashi, mutane na kai gaisuwa. Kakaki da algaita da tambari kiɗan fili ne, an yi su don a ji daga nesa a san mai gari ya fito. Faransawa sun ci garin nan a 1899 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, sun mai da shi babban birnin mulkinsu a 1911, sun kwashe suka koma Yamai a 1926, duk wannan bai kashe kiɗan fada ba, don muddin akwai sarauta akwai mai ciyar da mabusanta. Mawaƙin fada Ma'azu Ɗan Alalo ma har gobe ana jin muryarsa a rediyo. Molo da gurmi da goge ba su da wannan gata. Zaure da biki ke riƙe da su, biki ya koma wa fiyano, zaure ya koma wa talabijin.

Gardamar yau a kan masu sauraro ce. Yaron ya rubuta ƙa'idoji zai karanta gobe: a kashe waya, ba magana, ba liƙi, ba tafi sai an kai ƙarshe. Haka ake yi a manyan ɗakunan kiɗa na Turai, har wanda ya tafa tsakanin kashi da kashi sai an harare shi.

Tsoho ya ce, "Ni ban iya yi wa zaman makoki kiɗa ba. In na ja wani wuri ba wanda ya ce 'ayya', ta ina zan san ya shiga?"

"Baba, in aka yi surutu molo ba zai fito ba."

"Surutu daban, amsawa daban, ɗana."

Na shiga tsakani da abin da yaron da kansa ya taɓa gaya mini: shirun nan na Turai bai tsufa sosai ba. A 1778 gwanin tsara kiɗa Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris yana murna cewa mutane sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kiɗansa. Daga baya ne aka mai da shiru ladabi. Aka daidaita a kan cewa waya a kashe, hira a bar ta waje, wanda abin ya taɓa ya amsa da bakinsa, amma ba mai tashi ya ratsa tsakanin makaɗa don liƙi. Za a ajiye faifai a bakin ƙofa.

Asabar

Mun kwashe buhunan gero, an share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Maza a zaure, matan gida da na maƙwabta a tsakar gida bayan labulen ƙofar ciki. Wasu samari da suka ji an ce fiyano sun zo da shirin rawa, da suka ga ba lasifika biyu suka juya, sauran suka zauna don kunya.

Makaɗan suka zauna da'ira suna fuskantar juna, abin da ya ba wasu mamaki, don an saba makaɗi ya fuskanci mai kuɗi. Yaron ya sauke fiyanon daga ƙafafunsa ya ɗora a kan benci gajere, ya zauna a ƙasa daidai da kowa, ya rage ƙararsa har molo ya fi shi fitowa.

Baduku ya buɗe shi kaɗai. Tsirkiya uku, ɗaya na riƙe da tushe, biyu na yawo. Tari da gyaran murya suka ɗauke da kansu, don wanda ya motsa ya rasa. Fiyano ya shigo ta ƙasa a hankali, sai da aka jima wasu suka lura ya shigo. Kiɗa na biyu na mai gurmi ne, mai zafi, karin 'yan kokawa. Nan hannun daman yaron ya yi aikin da kalangu ya saba yi, su biyun suka riƙa jifan juna da gajerun jimloli, samarin nan na kaɗa kafaɗa a zaune.

Ana shirin na uku aka ɗauke kuran, wato wuta. Yaron ya riga ya sa batura, aka kunna fitila ɗaya aka ci gaba. Ya taɓa karin Schumann sau ɗaya yadda yake, tsirara, ya tsaya. Tsoho ya ɗauka. A inda fiyano ke taka mataki ya tsaya, goge na zamewa ya sauka, ya yi ɗan kuka a ƙarshen kowace jimla. Wata tsohuwa a bayan labule ta ce "Allahu Akbar, duniya", tsoho ya ji, ya sake komawa wurin ya ƙara ja. Yaron ya ɗauke hannunsa na dama gaba ɗaya, ya bar na hagu yana taku. Na ga idonsa a kan gwiwar hannun tsohon, daga nan yake karanta inda za a tsaya.

Ba komai ya tafi daidai ba. A na ƙarshe, da su huɗun suka haɗu, mai gurmi ya yi gaba da gudu, molo ya nutse, aka kai ƙarshe a warwatse, kowa ya tsaya a lokacinsa. Sanyin dare ya kuma saki fatar gogen, muryarsa ta sauka kaɗan, tsohon karon nan na Talata ya so dawowa. Tsoho ya gyara da yatsa yana cikin ja, wannan karon shi ya je wajen fiyano, kuma bai ce komai a kai ba.

Mun tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya.

Lahadi

Abin da aka tara a faifai bai wuce kuɗin gashi da ƙaro da shayi ba. Na cika daga aljihuna na sallami mai gurmi da tsoho. Baduku ya ƙi karɓa.

Ra'ayi ya rabu a majalisar ƙofar gida. Wani ya ce kiɗan da ba a ambaci sunan kowa ba, ba a yi wa kowa kirari ba, bai ga amfaninsa ba. Wani ya ce rabonsa da ya ji ƙarar yatsa a kan tsirkiyar molo tun yana ɗan makaranta. Ni abin da na gani shi ne gwanintar tana nan. Mutum huɗu da ba su taɓa zama tare ba sun koyi rage hannu don ɗan'uwa ya fito, kuma wanda ya fi kowa ƙarfin murya shi ya fi ragewa. Abin da ya ɓace wurin zama ne da mai biya.

Wurin zama ya samu, don baduku ya ce wata mai zuwa a zaurensa, mai gurmi kuma zai zo da wani mai garaya. Yaron zai koma Yamai jibi, amma ya bar wa jikan tsoho faifan da ya naɗa, ya ce zai dawo da ƙaramar Salla. Saura tambayar da tsoho ya yi mana ranar Litinin. Fanshona ba zai ɗauki wannan kowane wata ba. Na kawo shawarar mu yi zubi irin na adashi, duk mai son zaman ya riƙa ba da jika guda a wata, a riƙa biyan makaɗa tun kafin su ɗaure tsirkiya. Na ɗauko littafin makaranta na ja layi. Mutum bakwai suka sa suna. Ba su isa ba tukuna, gobe zan bi ta Zango da Sabon Gari.